Tabarmar da Muka Shimfiɗa a Hawa na Tara

Da sunan Allah na buɗe wannan babi kamar sauran, sai dai shi na daɗe ina kewaye shi. Abin da ya zaunar da ni wasa ne da na ji a tsakar gida ranar Babbar Sallar da ta wuce. Ana cin abinci, ɗana Khalifa ya dubi ƙanwarsa Auta ya ce:

"Ke ai tun ranar sunanki kika fara jawo mana. Saboda ke aka kore mu daga Cheras."

Kowa ya yi dariya, har da ita. Amma na ga ta ajiye cokali, kuma ba ta sake ɗauka ba. Daga yadda ta sunkuyar da kai na gane ba ranar aka fara gaya mata ba. Na so in yi magana a take, bakina ya yi nauyi kamar yadda ya saba. Kun san ni ba gwanin magana a taro ba ne, ko da taron 'ya'yana ne. Shi ya sa na dawo inda na fi iyawa, wato takarda. Ummi da Khalifa, ku kuna da wayo a lokacin amma ba ku san komai ba. Auta, ke kuwa kina zanin goyo. Ga yadda abin ya kasance.

Na je Kuala Lumpur karatun digiri na uku da furfura a gemuna, ina binciken ƙasar noma. Rayuwata ba ta wuce ɗakin gwaji da laburare da gida ba. Gidan kuwa fulat ne mai ɗaki biyu a hawa na tara na wani dogon bene a Cheras, irin wanda suke kira kondo. Kowane fulat da mai shi. Amma lif, da matakala, da farfajiya, da korido, wato doguwar hanyar da ta ratsa tsakanin ƙofofi, duk na tarayya ne. Kwamitin masu gidaje ne ke kula da su tare da kamfanin da ya gina benen, domin har lokacin kamfanin yana da fulat da yawa da bai sayar ba. A farko ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ni dai na san an ba ni makulli.

Mai gidanmu wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Sin, Madam Wong, wadda kuke kira Popo, wato kaka a harshensu. Mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a wata ƙasa, ita kuma tana zaune a hawa na uku. Tela ce da ta ajiye keke saboda ciwon ido. Da ta gane ba ma cin girkinta saboda addini, ba ta yi fushi ba, sai ta koma kawo mana 'ya'yan itatuwa, rambutan da gwanda, ta zauna a kicin tana yi wa mahaifiyarku faɗa da guntun Turanci da guntun Malay kan ta cika sa barkono a miya. Shugaban kwamiti kuwa Encik Rosli ne, Encik ɗin kamar a ce Malam, tsohon ma'aikacin gwamnati, mutum mai fara'a. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallacin da ke ƙasan benen. Shi ya fara kirana Dokta tun ban rubuta ko babi ɗaya ba.

Akwai kuma wasu samari 'yan ƙasarmu a hawa na shida, ɗaliban wata kwaleji mai zaman kanta, babbansu Mubarak, ɗan Kaduna. Zan faɗa muku gaskiya, ba na son zamansu. Suna kunna kiɗa, suna ihu idan ana ƙwallo, suna cika lif da turare da Turancin buroka. Idan muka haɗu sai Mubarak ya ce, "Baba, ya karatu, an kusa cinye littattafan?" Ni kuma in amsa a taƙaice in kau da kai.

Da aka haife ki, Auta, muka shirya suna kamar yadda muka gada. An yanka rago a wata gona a wajen gari, ba mu kawo jini cikin bene ba. Mata suka cika ɗaki da falo tun jajibiri. Bayan sallar Asuba maza suka fara isowa, malaman jami'a da ɗalibai daga unguwanni daban-daban, da manyan riguna da huluna. To, ina namiji zai zauna ranar suna? Ba zai kutsa cikin mata ba, mai jego tana ciki. A ƙofar gida ake zama. Ban yi shawara da kowa ba, domin a raina babu abin shawara. Na ɗauko babbar tabarmar da mahaifiyarku ta zo da ita daga Kano da wasu ƙanana na aro, na shimfiɗa daga ƙofarmu har kusa da lif. Takalma suka taru a bakin ƙofar matakalar da ake bi idan gobara ta tashi. Aka raba dabino da alawa da ɗan goron da wani ya adana a firji. Wani dattijo daga cikinmu ya yi huɗuba a hankali, aka raɗa miki suna, aka ɗaga hannu ana amin.

Muna cikin addu'a lif ya buɗe. Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar ƙabilar Indiya mai suna Devi, ta dawo daga aikin kwana. Ta tsaya cak, ta ƙanƙame jakarta. Ku sa kanku a matsayinta: mace ita kaɗai, a gajiye, ga maza baƙi cike da hanyar ɗakinta suna magana da harshen da ba ta ji. Muka tashi da sauri, muka naɗe gefen tabarma, dattijon nan ya miƙa mata dabino. Ta karɓa ta wuce. Abin da ban gani ba shi ne wani daga can ƙarshen korido ya ɗauki hotonmu.

Ba a yi sati ba hoton ya bayyana a allon sanarwa na kusa da lif. A ƙarƙashinsa an liƙa kiran babban taron masu gidaje, da ƙudurin da za a kaɗa wa ƙuri'a: kada wani mai gida ya ƙara bai wa ɗan Afirka haya, waɗanda ke ciki kuma su tashi idan wa'adinsu ya cika. Na tsaya ina karantawa, Khalifa yana riƙe da hannuna, yana nuna hoton yana cewa da Turanci ga Abba can. Na ɗauke shi muka hau ta matakala, don kada mu haɗu da kowa a lif.

Da yake ban iya rigima ba, sai na yi abin da na iya. Na ajiye samfuran ƙasata na koma sashen shari'a na laburare, na karanta dokar gidajen tarayya sashe bayan sashe, na kuma tambayi wani malamin shari'a da muke gaisawa. Abu uku na fahimta. Na farko ya ba ni kunya: a irin wannan gini babu ƙofar gida. Haƙƙinka ya ƙare a dokin ƙofa. Taku ɗaya a waje na kowa ne, kuma tare hanyar gudun gobara laifi ne na gaske, ba ƙiyayya ce ta ƙirƙiro shi ba. Na biyu, kwamiti yana da ikon kafa dokar hayaniya da tsabta da amfani da korido, amma hana mai gida ya bai wa wani jinsi haya abu ne da malamin ya ce da wuya ya tsaya a gaban alƙali, in an samu mai gidan da zai kai ƙara. Na uku, ɗan haya ba shi da baki a taron. Sai dai in mai gida ya wakilta shi a rubuce.

Ana cikin haka Encik Rosli ya tare ni bayan La'asar ya ce mu je mamak, wato shagon shayin Musulmin Indiya da ke bakin titi. Ya sa aka kawo mana shayi mai kumfa, ya tambayi lafiyar mai jego, sannan ya matso da kujera.

"Dokta, kada ka sa hoton nan a ranka. Maganar nan ta girme 'yarka. Tun bara kamfani ke matsa mana, wai masu saye suna zuwa su ga baƙaƙen fata a lif su fasa. An rubuta ƙudurin tuntuni, dalili kawai ake jira."

Na ce, "To, ni na ba ku dalilin ke nan."

"Da ba kai ba, da yaran hawa na shida ne. Amma saurara. Na sa an ƙara sharaɗi: ban da mai iyali da ya kawo takardar jami'a, kwamiti ya duba ya amince. Saboda kai na sa. Ka rubuto kawai, ni zan sa hannu. Kai ai ba irinsu ba ne."

Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, yana ganin alheri ya yi mini, kuma ta wata fuskar alherin ne. Na yi godiya. Amma kalmar nan ta ƙarshe ta tsaya mini a rai. Auta, ki riƙe abin da ya faɗa da farko. Maganar ta girme ki.

A gida na tarar da mahaifiyarku ta fito daga wankan jego, wanda take yi da ruwan da muke dafawa a manyan tukwane biyu a kan gas. Na gaya mata duka. Tana shafa wa Auta mai ta ce:

"Malam, ni dai ko arba'in ban yi ba. Makarantar Ummi ga ta nan a ƙafa. Popo tana riƙe mini yara in za ni asibiti. In ka tambaye ni, ka rubuta musu."

Na ce, "Su Mubarak fa?"

"Su Mubarak da ko gaisuwar kirki ba ka amsa musu? Yau kuma sun zama naka?"

Gaskiya ta faɗa. Can ta nisa ta ce:

"Amma ba ni zan tsaya a gaban kwamiti a duba ni kamar akuyar kasuwa a ce wannan ta yi ba. Kai ne. In za ka iya haɗiyewa, haɗiye, ba zan taɓa goranta maka ba. In ba za ka iya ba, kada ka ce don ni ka yi."

Washegari Popo ta hau da kanta, tana haki, da takardar wakilci a hannu, ta riga ta sa hannu. Ta dangwara ta a kan littattafaina.

"Gidana ne, da keken ɗinki na saye shi. Su za su gaya mini wanda zan sa a ciki? Kai za ka je. Ni in na buɗe baki zagi zan yi, su ce tsohuwa ta haukace."

Na ce mata ban iya magana a gaban mutane ba.

"Boleh lah, za ka iya. Kullum karatu, karatu. Karatun na mene ne in ba za a ji shi ba?"

An yi taron ranar Asabar da hantsi a zauren da ke gefen wurin ninƙaya. Ni kaɗai ne baƙar fata a ciki. Popo ta zauna a bayana a matsayin mai kallo, da lemarta a kan cinya. A teburin gaba akwai Encik Rosli da 'yan kwamiti da wani matashi mai kwat, wakilin kamfani. Aka karanta ƙudurin da sharaɗinsa. Mutane suka tashi suna kawo ƙorafi, wasu na gaskiya, kamar kiɗa da shara, wasu kuwa jita-jita ce da aka ji a wani benen. Da aka zo kaina na miƙe da takardar da na rubuta na gyara har ta yi baƙi. Na dube ta, sai na ninke ta na sa a aljihu.

Na ce musu ni ne mutumin da ke cikin hoton. Na ce a garinmu ƙofar gida ita ce falon maza, a nan ake suna, a nan ake zaman makoki, kuma na ɗauko wannan al'ada na shimfiɗa ta a inda ba nawa ba, na tare hanyar tsira, na tsorata maƙwabciyata, ina neman afuwa. Na ce in sun kafa doka kan korido ko kan hayaniya, ni zan fara bi, kuma ta hau kan kowa. Amma wannan ƙuduri bai ambaci abin da mutum ya yi ba, inda aka haife shi ya ambata. Encik Rosli ya yi murmushi ya ce a hankali:

"Dokta, ai sharaɗin ya fitar da kai."

Na ce, "Na gode, Encik. Ƙuri'ar da ke hannuna ta Madam Wong ce, kuma ta ce a'a. Ni kuma ba zan rubuto ba."

Ban shirya faɗin jimlar ƙarshe ba. Fita ta yi, kuma da ta fita na ji ita ce ke raina tun a shagon shayi. Na zauna. Sai na ji muryar mace daga baya. Devi ce, ita fulat ɗinta nata ne. Ta ce a ranar ta tsorata ƙwarai, amma mutanen sun tashi sun ba ta hanya, abin da samarin da ke shan sigari a matakala ba su taɓa yi mata ba, kuma su 'yan ƙasa ne. Ta ce ita ma a'a.

Aka ɗaga hannu. Masu cewa a'a suka ɗan rinjaya, yawancinsu masu gidajen da ke bai wa ɗalibai haya. Popo ta buga lemarta a ƙasa. Ni kuwa ban yi murna ba, don na karanta dokar, na san abin da ya rage. Matashin mai kwat ya miƙe cikin ladabi ya nemi a sake ƙidaya bisa kason mallaka, kamar yadda doka ta ba shi dama. Duk fulat ɗin da kamfani bai sayar ba, ɗakunan da babu kowa a ciki sai ƙura, suka zama ƙuri'u a hannunsa. Ƙudurin ya wuce, da sharaɗinsa.

Ku lura da kyau a nan, domin a nan ne labarin da kuke bayarwa ya kauce. Ƙofa a buɗe take gare mu. Encik Rosli ya sake tare ni a masallaci har sau biyu, ya ce takarda layi uku kawai. Popo ta so ta kai ƙara, ɗanta ya bugo waya ya hana, ya ce shekarunta da hawan jininta ba na zaryar kotu ba ne, ni ma na roƙe ta ta bari. Tsofaffin da suke motsa jiki tare da ita da safe sun riga sun rage gaishe ta. Da wa'adinmu ya cika, muka tashi.

Ba zan ɓoye muku abin da hakan ya ci ba. Gidan da muka samu yana can bayan gari, sai an hau bas biyu kafin a kai tashar jirgi. Ummi ta bar makarantarta da ƙawarta guda da take da ita, ta yi wata tana kuka da safe. Khalifa ya daina magana da kowa sai da Turanci, kamar yana fushi da Hausar. Karatuna ya ja baya da zango guda. Mahaifiyarku ta rasa mai riƙe mata yara, ta rasa tagar kicin da take hango duwatsu, ta rame. Ta cika alƙawari, ba ta goranta mini ba, amma an daɗe tana ajiye mini abinci ba tare da ta zauna kusa ba. Su Mubarak kuwa sun riga mu tashi, sun samu wani bene mai wurin ninƙaya da ya fi namu. Na haɗu da shi wata rana a wajen masu yadi na Masjid India, ya riga ya ji labari. Ya yi dariya ya ce:

"Haba Baba, da ka yi zamanka. Mu ai ko ina ne gida."

Ban ji haushinsa ba. A ranar na tabbatar ba don shi na yi ba. Na yi ne don ba na so ku girma a gidan da ubanku ya roƙi a shaida shi ba irin mutanensa ba ne. Ko na yi daidai, ko na ɗora wa mace mai jego nauyin da ba nata ba don in ji daɗin raina, wannan tambaya ce da har yau nake juyawa. Ban kuma san abin da ya faru da dokar daga baya ba, ban bibiya ba.

Ranar da za mu tashi, an gama loda kaya, mahaifiyarku ta ce babbar tabarmar nan ba za ta bi mu ba. Ta naɗe ta ta sauka da ita hawa na uku, ke kina bayanta a goye. Popo ta karɓa, ta juya ta, ta duba saƙar da idon tela. Sai ta fito da ita waje ta shimfiɗa a korido, daidai ƙofarta, ta zauna a kai da ƙyar tana dafa bango.

Na ce, "Popo, doka ta hana."

"Na sani. Su ɗauki hoto. Ku zauna ku ci gwanda kafin mota ta tafi."

Muka zauna, mu duka, a gefe guda don mu bar hanya. Ta karɓe ki ta ɗora a cinya tana kiran sunanki yadda harshenta ya iya. Wannan ne ganinmu da ita na ƙarshe. Labarin rasuwarta ya same mu bayan mun dawo gida.

Saboda haka, Khalifa, wasan nan ya tsaya daga yau, kuma ba faɗa nake maka ba, abin da ka ji ka maimaita. Ke kuma Auta, idan kin kai karanta wannan, ga abin da ya faru ranar sunanki: an shimfiɗa tabarma, an ci dabino, mutanen kirki sun taso daga nesa da asuba sun roƙa miki albarka. Iyakar abin da ke naki a ciki ke nan. Tabarmar ni na shimfiɗa, takardar ni na ƙi rubutawa. Allah ya sa albarkar da aka roƙa miki a hawa na tara ta bi ki duk ƙofar da kika zauna.